Talatar Da Teku Ta Cinye Min Silifas

Ku matso kusa, 'yan gulmata. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto wai, "Araba ki ji tsoron Allah, bawan Allahn nan bai yi miki komai ba." Na ji, malama. Yau ranarki ce, ki nemi wuri ki zauna ki yi dariya, don ni ce a ƙasa.

Sababbin shigowa kuma, sunana Araba. Kitso nake yi a wata 'yar rumfa a bakin teku a Busua. Shekarata ashirin da shida, kuma a cewar Mama na fara wari kamar kifin da ya kwana ba gishiri. Ita da wata ƙawarta ta coci suka zauna bayan addu'a suka ɗinke ni da ɗan ƙawar, Ekow, ba wanda ya ce min ko sannu. Ranar Asabar danginsa za su zo ƙwanƙwasa ƙofa. Kawunai su shigo da kwalba biyu a naɗe cikin zani, su ce wai sun hango wani fure a gidan nan, sai a kira ki tsakiyar taro a tambaye ki har sau uku, "Mu karɓa?" In kika ce a'a a gaban fasto da matan layi, to uwarki ta gama ɗaga kai a kasuwa sai baɗi.

E ba za ta fito daga bakina ba. A'a kuma za ta kashe Mama. Dabara ɗaya ta rage: shi ya fasa da kansa.

Kada ku ce mummuna ne. Ba zan yi masa ƙarya ba, dogo ne, haƙora a jere kamar an auna. Shekara shida ya yi a Jamus yana gyaran injinan asibiti, yanzu yana Takoradi. Matsalarsa tana cikin waya. Kullum ƙarfe shida na safe:

"Barka da asuba, Araba. Jiya na yi taku 14,206. Da fatan kin tashi lafiya."

Wa ya tambaye ka? Saurayin Kukuwa ƙawata yana turo mata, "Na yi mafarkinki har na faɗo daga gado." Ni nawa lissafin ƙafa yake kawo min kamar ni ce likitarsa. Can Jamus ya kwaso wata cuta, wai ita tafiyar shaƙatawa. Mutum ya ci ya ƙoshi, ya ɗaure takalmi, ya hau dutse ya sauko, bai sayar da komai ba, bai kai wa kowa gaisuwar mutuwa ba. Shi ke nan, wai ya ji daɗi.

Ranar Lahadi sai ga saƙo:

"Ina so in bi hanyar bakin ruwa zuwa Butre, in dawo ta kan tudu. Kakata tana can. Rabona da hanyar tun ana goya ni. Za ki raka ni?"

Na yi tsalle har na taka gashin da nake yi wa wata baturiya kitso da shi. Na kira Kukuwa.

"Ke, ya kawo kansa. Ta ƙarƙashin Hancin Dutse zan bi da shi."

"Araba! Kashe ɗan mutane za ki yi?"

"Ba kisa. Laushi kawai. Ya sha santsi, ya sha rana, ya sha bakina na awa biyar. In ya iso gida da rai, da kansa zai ce wa uwarsa wannan ba mace ba ce, akuya ce."

"In ya karye fa?"

"Ai asibiti yake aiki."

Talata na zaɓa. A al'adarmu ranar ba mai shiga teku, ba kifi, don haka ba matan da ke bin hanya da kwano a ka, balle a kawo wa Mama rahoto. Ba kuma jirgin da zai tausaya masa ya ɗauko shi ya dawo da shi. Na ji kaina ya yi girma don wayo. Ni ce fa haihuwar Talata, abin da sunan Araba yake nufi ke nan a wurinmu.

Da safe na saka wandona matsattse, da 'yar riga ruwan ɗorawa, na manna gashin ido, na zuba duwatsun ado a kitso. A ƙafa kuma silifas ɗina ruwan hoda masu fure a sama, waɗanda Kukuwa ta kawo min tsaraba daga Abijan. Mama tana gaban murhun banda tana kankare wayar gasa kifi, ta bi ni da kallo tun daga kai har ƙasa.

"Da wannan za ki hau dutse?"

"Mama, kakata ba takalmi take bin hanyar nan, da kwanon kifi a ka da goyo a baya."

"Kakarki ba ta manna gashin doki a ido. Ungo." Ta miƙo min ƙullin dokunu, tuwon masarar nan namu mai tsami, da soyayyen kifi da yaji. "Ki ba shi babban. Ki yi tafiya kamar wadda aka haifa a gida. Bakin nan naki kuma ki bar min shi a nan, in kin dawo kya ɗauka."

"To in ya tambaye ni hanya fa?"

"Ki nuna da hannu. Na dama!"

Sai ga angon. Jama'a! Hula mai faɗi da igiya a haɓa. Sanduna biyu, ɗaya a kowane hannu. Jaka a baya, wata 'yar roba ta fito daga cikinta ta zagayo kafaɗa, wai ta nan yake tsotsar ruwa kamar jariri. Takalmi kuwa irin na sojan da aka tura daji. Matan banda suka bar aiki.

"Surukinmu, ina ake yaƙin?"

"Wata za ka ko Butre?"

"In ka je ka gaida mana Jamus!"

Ya cire hula ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu, ko gezau. Mama kamar ta narke. Ni kuwa na ce a raina, yi ladabinka yanzu, anjima za ka kira uwarka.

Mun fara taka rairayi ke nan ya duba waya.

"Araba, ruwa yana cikowa ne fa. Nan ya nuna zai cika ƙarfe sha ɗaya. Ko mu fara ta kan tudu, mu dawo ta bakin ruwa in ya ja?"

"Wayar a Busua aka haife ta?"

"A'a, amma..."

"To ni a nan aka binne cibiyata. Dubi jirage."

Ga inda na kashe kaina, ku saurara da kyau. Ni tun da nake ban taɓa duban ruwa don in san ko ya ja ko ya cika ba. Jirage nake leƙawa ta tagar rumfa. In suna lilo a kan ruwa, ya cika. In suna kwance a rairayi sun karkace kamar tsofaffi bayan cin sakwara, ya ja. Haka Mama take yi, haka duk matan layinmu. Na duba, ga su nan reras a kan rairayi. Abin da ƙwaƙwalwar kifin nan tawa ba ta tuna min ba: Talata ce. Tun yammacin Litinin maza suka janye su can sama suka ɗora a kan itace. Ko teku ta shigo har coci, a rairayi zan gan su.

Ya dube ni, ya dubi jiragen.

"Ke ce 'yar gari," ya ce. "Amma kawo wayarki in sa a jaka, ba ta shan ruwa."

Na ba shi, don in ya faɗi ina so hannuna ya zama a sake in tafa.

Awa ta farko na ji daɗina. Rairayi mai laushi, ƙafa tana nutsewa, rana ta fara cizo. Na saki baki.

"Sandunan nan biyu, ɗaya ta makanta ce ɗaya ta tsufa?"

"Suna rage wa gwiwa nauyi."

"A Jamus in mutum zai je bayi ma sai ya ƙirga taku?"

"Tara ne daga gadona."

Na juyo na kalle shi. Fuskarsa ba alamar wasa. Har yanzu ban sani ba ko zolayata ya yi.

Na ce masa ban iya girki ba. Ya ce shi ya iya. Na ce ina minshari. Ya ce shekara biyu ya yi a ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa. Na ce ina da mugun baki, na taɓa sa wani direban tasi kuka. Ya ce, "Na lura." Ya tsotsi robarsa. Kai, mutumin nan kamar kana dukan katifa.

Muka iso Hancin Dutse. Ga wanda bai sani ba, wani ƙaton baƙin dutse ne da ya zura kai cikin teku. Masu hankali ta samansa suke bi. In ruwa ya ja kuma akwai hanya ta ƙasa, ka yi ta tsallake duwatsu masu gansakuka har ka zagaya. Na ga ruwa ya ɗan fi yadda na saba gani, sai na ce ai ja yake, bai gama ba ne.

"Araba, kin tabbata?"

"In kana tsoro ka koma, zan gaya wa Mama ka gaji."

Na yi gaba ina rangwaɗa, ƙaguwa suna gudu suna ba ni hanya. Dutse na ɗaya, na biyu, na goma. Ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandunansa a bayana, ina jira in ji tim. Shiru. Mun kai tsakiya, inda ba ka ganin Busua ba ka ganin Butre, sai bango a hagu da teku a dama, sai na ji wani ruri.

Igiyar ruwa ta farko ta dake ni a gwiwa. Da ta koma, ta tafi da silifas ɗin dama.

"Takalmina!"

Ina kallonsa, furen yana sama, yana lilo, yana tafiya Abijan inda ya fito. Na sunkuya wai zan kamo shi. Ta biyu ta zo ta mare ni a ƙirji ta zaunar da ni a kan dutse, ta cika min baki da gishiri. Na hagu ma ya bi ɗan'uwansa. Wani hannu ya damƙi wuyan rigata ta baya ya ɗaga ni kamar 'yar kyanwa.

Na waiga inda muka fito. Babu hanya. Duwatsun da na gama yanga a kansu duk sun nutse, sai farin kumfa.

A nan bakina ya mutu. Ni Araba, wadda ko a jana'iza sai an tsungule ni nake shiru. Gashin idona ɗaya ya sauko ya manne a kumatu. Tafin ƙafata ya tsage a kan 'yan katantanwar nan masu kaifi da ke manne a dutse, jini yana bin ruwa. Na fara karanto duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci.

"Araba. Dube ni." Muryarsa kamar yana karanta takardar magani. "Manya uku suke zuwa a jere, sannan ta huta. Na ƙirga tun ɗazu. Hutun yana kai wa ƙirga ashirin. Kin ga wancan tsagin da saiwa ta sauko? Taku sha biyu ne. In na ce tafi, ki tafi, kada ki kalli ruwa."

"In ta dawo kafin ashirin fa?"

"To na yi kuskure, sai ki zage ni a sama."

"Wace saman?!"

"Ungo sanda."

Na karɓi sandar makantar da hannu biyu, har da godiya.

Ta uku ta zo ta wuce. Ya ce, "Tafi!" Yana bayana yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, ni kuma ina bin bakinsa kamar 'yar aji ɗaya. Ban taɓa jin lissafi mai daɗin wannan ba. A sha ɗaya na zame, ya tura ni da kafaɗa, na cafki saiwa. Muka hau tsagin nan da gwiwa da farce da haƙori. Wandona matsattse ya ce shi fa ba da shi aka yi wannan shawarar ba, ya ɓarke ta baya, ɓaaar, tun daga sama har ƙasa. Kuma shi ne a ƙasana.

"Ban ga komai ba," ya ce.

"Wa ya tambaye ka?"

"Ruwan hoda ne shi ma, shi ya sa na ɗauka silifas ɗin ne ya dawo."

Jama'a, ashe yana da baki! Ajiye shi yake yi sai ranar da mutum ba shi da ƙarfin ramawa.

A saman dutse ya zaunar da ni, ya wanke min ƙafa da ruwan robar jariran nan, ya fito da filasta ya manna. Ya cire rigarsa ta sama ya ce in ɗaura a ƙugu. Sannan ya kwance takalman sojan ya tura min.

"Kai fa?"

"Ina da safa."

Ko sau ɗaya bai ce "ai na gaya miki" ba. Na jira, na shirya amsa har kala uku, bai faɗa ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Dokunun Mama ya jiƙe da ruwan teku, muka ci a haka. Na ba shi babban kifin, ba don Mama ta ce ba.

Haka muka gangara muka haye gadar katako muka shiga Butre: ni da takalmi kamar kwalekwale biyu, riga a ƙugu, ido ɗaya da gashi ɗaya babu, shi kuma da safa da hula. Mazan da ke ɗinkin komar kamun kifi a inuwa suka daina ɗinki. Wani tsoho ya ce, "Yau Talata, amma teku ta yi kamu."

Kakarsa, Nana Esaaba, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana ɓare gyaɗa. 'Yar ƙarama ce kamar a sa a aljihu, haƙori biyu, ido kamar allura. Duk yankin nan an san ta. Ta kalle mu, ta shiga ta fito da ruwa a ƙoƙo. Na shanye tas, har yana bin haɓata. Shi ma ya sha. Ta gyara zani, ta ɗora hannu a gwiwa.

"To. Nan dai lafiya lau. Amanee?"

Amanee ke nan a wurinmu: ko uwarka ce ta aike ka ka dawo, in ka sha ruwa sai an tambaye ka abin da ke tafe da kai. Ekow ya fara, cikin ladabi.

"Nana, ba mugun abu ba ne. Na kawo miki maganin gwiwa, na kuma kawo miki Araba ki gan ta kafin Asabar."

"Na ji naka." Ta juyo. "Ke fa, mai ido ɗaya?"

Na buɗe baki zan ce na zo gaishe ta ne. Ta ɗaga yatsa.

"Kafin ki fara. Ruwan randata kika sha. Wanda ya sha ya yi min ƙarya, cikinsa ba ya bari ya kai gada. Tambayi mai karɓar harajin da ya zo bara."

Ku yi min adalci. Wandona a ɓarke yake. Gadar nan a tsakiyar gari take, ga maza a zaune. Cikina kuwa, da jin haka, ya yi wani ƙuuu, ko dokunu da ruwan gishiri ne, ko aikin Nana ne, ban tsaya bincike ba.

"Nana, na kawo shi ne ya sha wuya."

"Ɗaga murya, kunnen na jiya ne."

"Na bi da shi ta ƙarƙashin dutse ne don ya wahala ya ce ya fasa aurena! Don ban iya cewa a'a ranar Asabar, Mama za ta mutu. Kuma ba wanda ya tambaye ni tun farko. An gama magana, an sayi atamfa, an gaya wa fasto, sannan za a tsayar da ni a gaban mutum hamsin a ce wai 'mu karɓa?' Wannan tambaya ce?"

Ban san zan faɗi na ƙarshen ba. Fitowa kawai ya yi.

Nana ta yi dariya har ta ƙware, gyaɗa ta watse, kaji suka taru.

"Kin kawo shi ya sha wuya! Da takalmin wa kika shigo garin?"

"Nasa."

"Rigar wa ke rufe miki asiri?"

"Tasa."

"Yarinya, in haka kike mugunta, zo ki yi min ita kullum."

Na saci kallon Ekow. Shi bai yi dariya ba. Yana kallon safarsa da ta huje, babban yatsa a waje. Can ya miƙe.

"Nana, bari in leƙa Kawu Badu."

Kawu Badu shi ne babban da zai jagoranci masu zuwa ranar Asabar, gidansa yana bayan na Nana. Ekow ya daɗe a can. Nana ta ba ni zani na ɗaura, ta cire min ɗaya gashin idon da hannunta, fit, ta jefa wa kaji. Da ya dawo ta ba shi wasu tsofaffin silifas na marigayi mijinta, ɗaya an ɗaure da waya.

Muka kamo hanyar tudu. Wanda ya ce muku dawowa ta fi sauƙi, maƙiyinku ne. Hawa ne a miƙe, jar ƙasa mai santsi, saiwoyi, gonakin rogo, ga jerin kwarkwasa da sai ka yi tsalle. Iska ta tsaya cak, zufa har cikin kunne. Takalmin yana ƙwal-ƙwal a ƙafata, ciwon yana zugi. Amma ba wannan ya dame ni ba. Shirun ne. Yana gaba, in ya zo wuri mai wuya ya tsaya ya miƙo sanda ba tare da ya juyo ba.

"Taku nawa muka yi?" na ce.

"Ban duba ba."

"Duba mana."

"Ba kya son lissafi."

Na ci gaba da hawa. A can ƙoli, inda ake hango rufin Busua da jiragen nan munafukai a kwance a rairayi, ya tsaya.

"Na gaya wa Kawu ba wanda zai zo Asabar. Na ce ni na fasa. Gobe zai aika wa Mamanki, ba wanda zai ce laifinki ne."

Ga shi nan. Abin da na shirya, na kira Kukuwa a kai, na yi asarar silifas ɗin Abijan dominsa. An miƙo min a faranti. Ya kamata in taka rawa. Sai na ji kamar igiya ta huɗu ce ta zo, wadda bai ƙirga ba.

"Haka kawai?"

"Kin yi gaskiya, ba a tambaye ki ba. Ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka in ina turo saƙo kullum, wata rana za ki ce wani abu."

"Saƙon taku?!"

"Ban san me ake rubuta wa mace irinki ba. In na rubuta wani abu sai in goge. Lamba dai ba a yi mata dariya."

"An yi. Ni da Kukuwa. Kullum."

"To," ya ce. Ya ci gaba da gangara.

A bakin layinmu ya miƙo min wayata, ya ce zai kama mota kafin rana ta faɗi. Na ce takalminka fa. Ya ce in bari sai ƙafar ta warke, kada ƙasa ta shiga. Ya tafi da silifas ɗin mamaci, ɗaya yana jan waya a ƙasa.

Na shiga gida. Mama tana tsakar gida da tela, an baza atamfar Asabar a kan tabarma, kore da ruwan zinariya. Ta dubi zanin da ba nawa ba. Ta dubi ƙafata.

"Takalmin wa?"

"Nasa."

Ta daki kafaɗar tela. "Kin gani? Har takalmi ya cire ya ba ta! Ubanta shekara talatin ko lema bai taɓa riƙe min ba. Ƙara wa hannun rigar ado!"

Na wuce ɗaki na zauna a bakin gado, ban cire takalmin ba. Kukuwa ta turo saƙo bakwai: "Ya mutu?" "Ya yi kuka?" "Ke, yi magana!" Ban buɗe ba. Na shiga wurin sunansa, wanda na ajiye da "Mai Taku". Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge. Ashe haka abin yake.

A ƙarshe na tura:

"Takalminka yana hannuna. Ba na ba da saƙo, ba na aike. Mai so ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya karɓa."

Ya karanta. Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Ya tsaya. Na ciji filo.

"Wannan amsa ce, ko wata hanyar ce ta ƙarƙashin dutse?"

"Tambaye ni ka gani."

"Araba, mu zo?"

"Sau uku ake tambaya, malam. Ba ka san al'ada ba?"

Ya turo sau uku, ɗaya bayan ɗaya, har da lamba a gaban kowanne. Na tura masa e ɗaya, na ce ya raba uku, ai ya iya lissafi.

Ina cikin murmushi kamar wawuya sai ga wani:

"Saura matsala ɗaya. Kawu ya yi fushi. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a ce ya shirya, a ce ya kwance. Ya rantse ba zai sake ɗaukar kwalba ba sai yarinyar ta zo da ƙafarta, ta sha ruwa, ta faɗi amanee ɗinta da bakinta. Ba ya riƙe waya. Gobe da tsakar rana zai aika wa Mamanki cewa an fasa. Ni kuma ina aiki da safe."

Na dubi ƙafata mai filasta. Na jiyo Mama a waje tana rera waƙar coci tana gaya wa tela yawan kujerun da za a ɗauko. Na leƙa taga don in ga jirage, sai na kama kaina, na ja tsaki, na saki labule.

Na ƙara ɗaure igiyar takalmin sojan, na rubuta:

"Wayar nan taka da ba a haifa a Busua ba. Tambaye ta, gobe ƙarfe nawa ruwa yake ja?"